Kallon jar shirwa a Birtaniya: Wales za ka nufa ko tuddan Chilterns?

Ranar da na gaya wa Kawu cewa za mu fita kallon shirwa, sai da ya ajiye kofin shayinsa ya ƙare mini kallo. Ya zo daga gida ne ganin jikoki, kuma kwana goma ke nan sanyi ya hana shi leƙa ko bakin ƙofa. Ya ce, "Shirwa dai wadda na sani? Mai ɗauke 'yan tsaki?" Na ce, "Ita fa, Kawu, sai dai ta nan ja ce." Ya ce, "To ja ko baƙa, har man mota za a ƙona saboda ita? Kai yaro, zaman Turai ya fara taɓa ka."

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya tashi yana jin mata na ihu a tsakar gida suna kora ta da faifai, wanda ya san kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, da wuya ka gamsar da shi cewa akwai ƙasar da ake sayen tikiti a zauna cikin rumfar katako ana jiran isowarta. Amma a Birtaniya haka abin yake, kuma duk lokacin hutun makaranta sai wani daga cikin 'yan uwanmu mazauna nan ya tambaye ni inda ya fi dacewa ya kai yara su gan ta. Amsoshin gaske guda biyu ne. Ko dai ka tafi tsakiyar Wales inda ake ciyar da ita kullum a ƙayyadadden lokaci, ko ka hau tuddan Chilterns da ke tsakanin Landan da Oxford inda take yawonta ba mai kiranta. Na je duka biyun ba sau ɗaya ba, kuma ba abu ɗaya suke ba ka ba.

Kafin zancen hanya, ka san abin da za ka kalla

Jar shirwa 'yar uwa ce ta kusa ga tamu, gida ɗaya suka fito, amma ta fi tamu girma da kyan gani nesa ba kusa ba. In ta buɗe fukafukanta, daga wannan baki zuwa wancan yakan kai santimita 175 zuwa 195, wato ta fi tsayin yawancin maza idan suka kwanta. Duk da haka nauyinta bai wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, kazar gidan gona ta fi ta nama. Jikinta ja ne irin jan ƙasar gini, kanta fari-fari kamar ta yi furfura, a ƙarƙashin kowane fiffike akwai farin tabo babba, sannan bakin fiffiken baƙi ne mai yatsu-yatsu. Amma abin da ba ya ɓata shi ne bindi. Dogo ne, ja, a tsage kamar buɗaɗɗen almakashi, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Tana murɗa shi dama da hagu kamar mai tuƙa kwalekwale, fukafukan ko motsi ba sa yi.

Tamu ta gida, mai rawayan baki, launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, bindinta tsagewarsa kaɗan ce, in ta baza shi ma sai ya zama kamar an yanke shi da reza. Akwai kuma ta uku, baƙar shirwar Turai, wadda ke ƙyanƙyasa a Sifaniya da Faransa da Jamus da sauransu, in bazara ta fara ja baya ta tsallaka mashigin Jibralta ta gangaro Afirka kudu da Sahara ta yi hunturu. Wannan ba baƙuwa ba ce a sararinmu, sai dai ba ma bambanta ta da ta gida, alhali bakinta baƙi ne. A Birtaniya ganinta sai an dace ƙwarai. Ita kuwa ja ba ta zuwa ƙasar Hausa sam. Tsuntsuwar Turai ce, mafi yawanta a Jamus da Sifaniya da Faransa da Birtaniya, don haka duk wanda ya ce maka ya gan ta a kwatar Kano, tamu ya gani rana ta haske ta.

Wanda zai ruɗa ka a Birtaniya wani ne daban, tsuntsun da suke kira buzad. Shi ne mafi yawa cikin tsuntsaye masu farauta a ƙasar, kuma duk inda jar shirwa take yana nan. Gajere ne kakkaura, fukafukansa santimita 110 zuwa 130, masu faɗi, bindinsa zagaye kamar maficin kaba. In yana shawagi yakan ɗaga fukafukai sama kaɗan, ita kuwa nata a lanƙwashe suke suna ɗan rusunawa. Kukansa kamar na kyanwa, nata fito ne siriri mai karkarwa. Kuma shi malalaci ne a ido, sai ka same shi ya hakimce a kan turken shinge ko falwaya rabin awa bai motsa ba, ita ko yini take a iska. Sauran ba su da wuyar ganewa. In ka ga ƙaramin shaho ya tsaya cak a sama gefen babbar hanya yana kaɗa fukafukai da sauri kai a sunkuye, kestirel ne yana neman ɓera. In wani abu ya wuce fuu ta bayan gida tsuntsaye suka watse, shahon gwarare ne, kafin ka ɗaga waya ya ɓace.

Na tsaya a kan wannan ne don shi ne rabin zaɓin. Wuri ɗaya yana koya maka bambance su, ɗayan yana cika maka ido ne kawai.

Dalilin da ya sa ake ta da jijiyar wuya a kanta

Shekaru ɗari biyar da suka wuce, Landan cike take da jar shirwa, tana yin aikin da ungulu ke yi mana a bakin kasuwa, har doka ta hana a taɓa ta saboda ita ce mai kwashe ƙazantar titi. Daga ƙarni na 16 aka juya mata baya, aka sa ta cikin jerin masu ɓarna ana biyan lada ga wanda ya kawo kanta. Daga baya masu gadin dazukan farauta na attajirai suka ɗora da bindiga da tarko da guba. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare babu ko ɗaya da ke sheƙa a Ingila ko Sikotland. Abin da ya rage 'yan ƙalilan ne, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, maƙale a kwaruruka masu nisa na tsakiyar Wales.

A 1903 wasu mutane suka kafa kwamiti don gadin waɗannan sheƙuna, kuma gadin bai tsaya ba har kusan ƙarni guda. Babban abokin gaba a lokacin shi ne masu tara ƙwai, don ƙarancin tsuntsuwar ya sa ƙwanta ya yi tsada, har aka kai ga sa sojoji kwana a gindin itatuwa. Duk da wannan wahala ƙaruwar tafiyar hawainiya ta yi, saboda tsaunukan Wales ruwa da sanyi sun yi yawa, abinci kaɗan. Sai a farkon shekarun 1990 suka kai ma'aurata 100.

Ganin haka ne a 1989 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB da hukumar kula da halittu ta gwamnati suka fara ɗauko 'ya'yan shirwa daga waje. Na Suwidin aka kai yankin Black Isle a arewacin Sikotland, na Sifaniya mafi yawa aka saki a Chilterns. Tsakanin 1989 da 1994 kowane ɓangare ya samu tsuntsaye 93, kuma a 1992 suka fara ƙyanƙyasa. Na Chilterns suka yi ta hayayyafa kamar an buɗe famfo, har aka riƙa ɗibar 'ya'yansu ana kai wasu yankuna. Na Black Isle kuwa guba ta riƙa cin su, a 2014 kaɗai an tsinci gawar jar shirwa 16 a kusa da ƙauyen Conon Bridge na wannan yanki. Yau a Birtaniya ma'aurata sun haura 4,000, kuma a 2022 aka fara mayar da biki: 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a Ingila aka ɗora a jirgi zuwa yankin Extremadura na Sifaniya, inda tasu ta yi ƙaranci.

Ma'anar wannan ga mai zaɓe ita ce, a Wales 'yan asalin ƙasa za ka gani, jikokin waɗanda suka tsira da ƙyar. A Chilterns jikokin baƙi ne da suka zo suka fi 'yan gari yawa. A ido ba su da bambanci ko na gashi ɗaya, amma akwai masu jin abin a rai.

Wales: ƙarfe biyu, tarakta, da sama ta yi duhu

Wurin da ya fi suna shi ne gonar Gigrin, a gefen garin Rhayader cikin gundumar Powys, gundumar da ma hoton jar shirwa ne tambarinta. Gonar tumaki ce ta iyali, tun farkon shekarun 1990 ake ciyar da shirwa a cikinta. Lokacin ciyarwa ƙarfe 2 na rana ne da hunturu, ƙarfe 3 da bazara. Ba wai an canza lokacin ba ne, agogon Birtaniya ne ke matsawa da awa ɗaya, shirwa kuwa da rana take aiki, ba ruwanta da agogon gwamnati.

Ka biya kuɗin shiga, ka gangara zuwa jerin rumfunan katako masu dogayen tagogi suna fuskantar wani fili. Tun saura rabin awa za ka fara ganinsu suna ɓullowa ta bayan tsauni, ɗaya, uku, goma, sai ka daina ƙirga. Wasu sun cika itatuwan gefe sun yi tsit. Can sai tarakta ta shigo, mutum ya sauko da shebur yana watsa yankakken naman shanu a kan ciyawa. Abin mamaki, ba shirwa ce ke fara sauka ba. Hankaki ne, ƙanana da manya, su ne marasa kunya. Sai buzad ya dira ƙasa da ƙafafunsa, ya taka nama ya tsaya a kai yana ci kamar mai gidan. Shirwa na sama tana zagaye, tana jira wata ta fara. Da ɗaya ta karya fiffike ta sulalo, shi ke nan, kamar an kwance buhu. Ba sa sauka. Kowace ta zo ta shafi ciyawa da farata ta sure tsoka ta yi sama, ta sunkuyar da kai tana ci tana tashi, wata na bin ta a baya don ta sa ta saki. Ƙarar iska a fukafukansu har cikin rumfa kana ji. A ranar sanyi sosai sukan kai ɗaruruwa. Wani lokaci ma akan ga wata fara fat a cikinsu, irin waɗanda launinsu bai nuna ba.

Wuri na biyu shi ne Bwlch Nant yr Arian, a kan hanyar A44 kimanin mil goma gabas da Aberystwyth. Daji ne na hukuma mai tafki a tsakiya, a bakin tafkin ake zuba naman, a irin wancan lokacin. Nan ba a rumfa kake ba sai in ka so, kana iya tsayawa a bakin ruwa, kuma ganin jan jikinsu a kan ruwa da koren itatuwa ya fi na Gigrin daɗin ido, ko da yake ba sa matsowa kusa kamar can. Akwai hanyoyin tafiya da ƙafa da na keke, don haka yara ba sa gundura kafin lokaci ya yi. Ka duba shafinsu na intanet kafin ka kama hanya, tsarin wuraren nan yakan sauya daga shekara zuwa shekara.

Abin da Wales ke ba ka shi ne tabbas. Ka zo da wuri, za ka gani, ko ana ruwa ko ana iska. Ga mai ɗaukar hoto babu na biyunsa, don tsuntsuwar na wucewa kusa har kana ganin rawayan idonta, kuma a Gigrin akwai rumfuna na musamman da aka ɗaga sama don masu manyan kyamarori, kuɗinsu daban. Ga tsoho ko mai ciwon ƙafa ma ya fi, zama ne kawai a benci.

Abin da yake karɓa a hannunka kuwa shi ne yini guda cur, wani lokaci har da kwana. Rhayader ba ta da tashar jirgin ƙasa, wadda aka fi sauka ita ce ta Llandrindod, kuma jiragen wannan layi 'yan kaɗan ne a rana. In ba ka da mota, wahala ce. Daga Birmingham tuƙin awa biyu ne da ɗoriya a kan hanyoyi masu lanƙwasa, daga Landan ka sa awa huɗu ko fiye. Garin ƙarami ne, kada ka sa ran samun naman halal ko masallaci a kusa, ka tafi da guzurinka da dardumarka. Da hunturu kuma ka lura, ana fara ciyarwa ƙarfe 2, kafin ƙarfe 4 da rabi duhu ya rufa, wato azahar da la'asar da magariba duk suna cunkushe cikin 'yan awannin da kake wurin. In ka riga ka yi nisan nan, ka ƙara da madatsun ruwa na kwarin Elan da ke bayan garin, waɗanda tun 1904 suke shayar da Birmingham. Sun cancanci awa biyu.

Akwai kuma abin da ban cika faɗa wa Turawa abokan kallo ba. Mu wannan kallon mun taɓa yin sa kyauta. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan kwata da hantsi lokacin da mahauta ke watsar da tarkacen kayan ciki, ko ya ga yadda shirwa ke taruwa a kan gobarar daji tana cafke fara cikin hayaƙi, ko ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko, ya san wannan rububin. Launi ne ya bambanta, da girma, da kuma tsabtar wurin. Ga Bature ɗan birni abin al'ajabi ne. Ga Bahaushe, bayan minti ashirin na farko, wani abu a ransa zai ce masa ai na san wannan.

Chilterns: babu tikiti, babu alƙawari

Chilterns jerin tuddai ne na farar ƙasa mai kama da alli, arewa maso yamma da Landan, rufe da dazuka da gonaki. Ba wanda ke ciyar da shirwa a hukumance a nan, hasali ma hukumar kula da yankin roƙon mutane take su daina. Amma ba ka bukatar a kira maka ita. In ka bi babbar hanyar M40 daga Landan zuwa Oxford, daidai inda aka tsaga tudu kusa da Stokenchurch hanya ta gangara, ɗaga kai kawai, in ba kai ke tuƙi ba. Da wuya ka wuce ba ka ƙirga biyar ko goma ba.

Wurin da na fi so shi ne tudun Watlington. Ka ajiye mota a sama, ka ratsa 'yan itatuwa, sai fili ya buɗe, ƙasar Oxfordshire ta shimfiɗu a gabanka har iyakar gani. Sirrin wurin shi ne iska. Tana bugun gaban tudun ta hau sama, shirwa kuma ta zo ta kwanta a kanta. Saboda kana bisa, sau da yawa tsuntsuwar tana daidai da fuskarka ko ma a ƙasa da kai, sai ka ga bayanta, abin da ba a gani daga rumfa. Na taɓa zama a kan ciyawar nan da la'asar sakaliya a watan Nuwamba, wata ta zo ta tsaya a iska kamar taku ashirin daga inda nake. Ban ga ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya ba tsawon lokacin da na ɗauka ina shan rabin kofin shayi. Bindin ne kawai ke aiki, ya karkata nan, ya buɗe, ya rufe, kai kuma a sunkuye tana karanta ciyawa. Sai ta gangara a hankali ta dira a wata gona da aka huɗe, ta yi 'yan taku kamar kaza, ta ja tana daga ƙasa. Duk wannan girma da kwarjini, tana take ci.

Wannan shi ne darasin da filin ciyarwa ba ya koyarwa. Jar shirwa ba jarumar farauta ba ce. Faratanta ba su da ƙarfi, abincinta mushe ne, zomo ko tsuntsun da mota ta take, da tana, da ɓera, da 'yan ƙananan abubuwa. Ko mushen tunkiya ta samu, sai ta jira hankaka ko yanyawa sun fasa mata fata. Shi ya sa ma maganin ɓera ke kashe ta, don gawar ɓeran da ya ci guba ita ce ke ɗauka. A Chilterns kana ganinta tana wannan neman na yau da kullum, kana ganin hankaki biyu sun tasa ta gaba tana kaucewa ba ta ramawa, kana ganin buzad ya shigo zagaye ɗaya da ita har ka gwada bindi da bindi. Yini ɗaya a nan, ba za ka sake kiran buzad shirwa ba.

Ga sauƙin zuwa kuma ba a magana. Jirgin ƙasa daga tashar Marylebone zuwa High Wycombe kamar rabin awa ne, gaba kaɗan ga Princes Risborough a gindin tuddan. Bas ɗin da ke zirga-zirga tsakanin Landan da Oxford yana tsayawa a Lewknor, daga nan da ƙafa za ka iya hawa gandun Aston Rowant, wanda M40 ta raba biyu. Ɗalibi mai ƙaramin aljihu zai iya zuwa ya dawo kafin magariba. High Wycombe kuma gari ne mai Musulmi da yawa, akwai masallatai da gidajen abincin halal, don haka zancen salla da na ciki a warware yake. In ma a Reading kake zaune, ba sai ka je ko'ina ba, kullum da safe sukan shigo gari daga dazukan kewaye saboda masu jefa musu nama a bayan gida.

Wannan ciyarwar ta bayan gida ita ta jawo abin da zai ba Bahaushe dariya. A garuruwa irin su Marlow da Henley an sha kai ƙorafi cewa shirwa ta sure abinci daga hannun masu shan iska a lambu, har da na yara. Jaridu su yi ta rubutu kamar sabon abu ya faru a duniya. Mu da muka san ba a ratsa fili da tsire a buɗe, sai mu ce hali zanen dutse. In ka je da yara, abinci ya zauna cikin jaka, a ci a mota ko a ƙarƙashin itace, kuma kada a jefa mata komai.

Raunin Chilterns shi ne babu wanda ya yi maka alƙawari. Ranar da hazo ya sauka ko ruwa ya yini, suna lafewa a itatuwa, ka sha sanyi a banza ka ga biyu daga nesa. Ba za ka ga ɗari a dunƙule ba, sai fa in ka san inda suke taruwa kwana da hunturu ka je da yamma lis. Hoto ma sai mai haƙuri da kyamara mai dogon gilashi. Yaro ɗan shekara biyar da aka yi wa alƙawarin tsuntsaye zai iya kallon sama minti uku ya ce a tafi gida. Hawa tudun kuma, ko da ba tsauni ba ne, ga taɓo mai santsi lokacin ruwa, farar ƙasar nan in ta jiƙe kamar sabulu take.

In kana arewa

Wanda ke Leeds ko Bradford bai da dalilin yin ɗayan biyun nan da farko. An saki jar shirwa a Harewood, arewa da Leeds, tun 1999, kuma bas mai lamba 36 da ke tashi daga Leeds zuwa Harrogate ta nan yake bi. Na Newcastle yana da kwarin Derwent a Gateshead, inda aka sake su daga 2004. Waɗannan irin Chilterns ne, kallon sake. Na Glasgow da Edinburgh kuma yana da gonar Argaty kusa da Doune, wadda ta fi kama da Gigrin amma a ƙaramin sikeli, nama kaɗan, tsuntsaye gwargwado.

To wanne?

In tafiyar ta yara ƙanana ce, ko ta baƙo mai kwana kaɗan wanda ba za a sake samun dama da shi ba, ko kuma hoto kake nema na bugawa a rataye, kuma akwai mota, ka tafi Wales, tsakanin Nuwamba da Fabrairu in za ka iya jure sanyi, don lokacin ne suka fi yawa. Daga Afrilu zuwa Yuni da yawa suna kan ƙwai ko renon 'ya'ya, taron yakan ragu. A wannan lokacin kuma, ko'ina kake, in ka ci karo da sheƙa ka yi nesa da ita, dokar 1981 ta kare namun daji ta sa damun jar shirwa a sheƙarta laifi ne. Ba ta da wuyar ganewa: tarin kirare ne a saman itace, an yi masa shimfiɗa da gashin tumaki, an ƙawata shi da tsumma da leda, wani lokaci har da safar da aka sata daga igiyar shanya.

In kuwa kai kaɗai ne ko da babban yaro, kana son ka san tsuntsuwar ba ka ƙirga ta ba, Chilterns, kuma ni nan nake tura mutum da farko ko da yana da halin zuwa Wales. Ka zaɓi ranar da rana ta fito bayan ruwa, da 'yar iska daga yamma, ka isa da hantsi lokacin da ƙasa ta fara ɗumi suna tashi. Madubin hangen nesa mai ƙarfin 8 ya isa, wanda ya fi haka hannu na rawa da shi. Kuɗin da za ka kashe a man zuwa Rhayader da dawowa ya kusa saya maka ɗan madaidaici. In ka fara da Gigrin, idonka zai ƙoshi da yawa, daga baya shirwa ɗaya a sama ba za ta tsayar da kai ba. In ka fara da tudu, ranar da ka shiga rumfar Gigrin kana da abin dubawa cikin rububin: wacce ce 'yar bana mai kodadden ƙirji da bindin da bai gama tsagewa ba, wacce ce babba, wa ke ƙwace wa ake ƙwace wa.

Kawu dai Watlington na kai shi, don gwiwarsa ba za ta ɗauki zaman mota na awa huɗu ba. Na naɗe shi da riguna uku da hular sanyi a kan tasa hular. Muka tsaya a bakin gangaren yana ta mita, hannaye cikin aljihu. Sai ga ɗaya ta taso daga ƙasanmu, rana ta bugi bayanta, ta wuce mu a hankali har muna ganin yadda iska ke ɗaga gashin kafaɗarta. Ya yi shiru. Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa madubin. Ya daɗe yana bin ta har ta zama ɗigo wajen Oxford, sannan ya sauke ya ce, "Wannan ai ta ci ta ƙoshi. Amma ka gaya wa masu kaji na garin nan su yi akurki."